Ba Ajimi da Bugun da ke Ƙarƙashin Jimina

Duk wanda ya yi fataucin bandar kifi tsakanin Yerwa da Baga a shekarun samun mulkin kai ya san Jimina, ko da bai san mai ita ba. Mota ce da babu kamfanin da zai bugi ƙirji ya ce shi ya ƙera ta. Kanta da injinta na motar soja ne da aka yar bayan yaƙin duniya, bayanta kuma na wata ƙaramar lori ce da gabanta ya ƙone a hanyar Damaturu. Tayoyinta huɗu, kowace ta kai ƙugun namiji, kuma duka huɗun suna ja. In ta taho cikin yashi da dogayen ƙafafun nan, ba sai an gaya maka dalilin sunan ba. Mutum biyu suka haɗa ta a wani fili a unguwar Gamboru cikin Yerwa, a gindin dalbejiya. Ɗayansu shi ne Ba Ajimi, wato baba Ajimi a bakin Barebari.

A unguwar Gwange aka haifi Ajimi, a gidan maƙera. Fartanya da lauje da linzamin doki, su ya tashi yana bugawa, kuma da su zai tsufa ba don wata rana ya kai gyaran amalanke Gamboru ya ga wani mutum yana haɗa ƙarfe da ƙarfe da harshen wuta shuɗi, ba gawayi ba zuga-zugi. Ya tsaya kallo har rana ta raba. Mutumin ya ɗaga baƙin tabarau ya dube shi.

"Malam maƙeri, kallo ba ya walda. In kana so, zo ka riƙe min nan."

Wannan shi ne Aloysius, bakanike, Ibo daga wani ƙauye kusa da Onica, wanda 'yan Gamboru suka gajarta masa suna suka mai da shi Alo. Su biyun Hausa aro ce a bakinsu, ɗaya ya ɗauko ta da harshen Barebari, ɗaya da na kudu, kuma kowa yana ganin ta ɗan'uwansa ce ta fi karkacewa. Kafin shekara ta zago hannun Ajimi a walda ya fi na malaminsa, Alo kuwa bai ɓoye ba. Sai suka raba aiki: awo da alli na Alo, wuta ta Ajimi. Inda Alo ya ja layi, nan Ajimi zai yanka, ba ya tambaya.

Hanyar Baga ce ta haifi Jimina. Da rani yashi yana cin lori har gindi, da damina kuma baƙar lakar nan ta gabas, wadda Barebari ke kira firki, takan riƙe mota sai kaka. Alo ya ce in aka samu motar da ta fi laka tsawon ƙafa, an samu abinci. Suka ƙara wa sifirin na baya ganye har ya zama goma sha ɗaya kowane gefe, suka ɗaga jikin sama, suka ƙara tankin mai na biyu. Abin da ya fi ba su wuya shi ne farfela, dogon bututun ƙarfen nan da ke kwance a ƙarƙashin mota yana kai juyin inji daga giyabos zuwa tayoyin baya. Ta motar soja ta yi gajarta, ta lorin ta yi tsawo. Alo ya yi ta shiga ƙasan motar yana fita, ya ja alli a kan biyun, Ajimi ya yanka ya haɗa.

Ranar da ta fara tafiya, Alo ya daki ƙofarta ya ce, "Gaba nawa, baya naka. Ranar da muka yi faɗa sai mu sa zarto."

"To farfela fa?" in ji Ajimi. "Tana gaba, tana baya."

Modesta, matar Alo, da ta kawo musu abinci, ta ajiye kwano ta ce, "Farfela tawa ce. Wa ya ciyar da ku kuna wannan haukan?"

Shekara bakwai Jimina tana zuwa Baga da gero da gishiri, tana dawowa da banda buhu arba'in. Alo ke tuƙi, Ajimi a gefe, har shi ma ya koya.

Sai ƙarshen daminar 1966, gari ya ɓaci. Abin da aka yi wa mutanen gabas a garuruwan Arewa ya iso Yerwa, aka rufe shaguna, maƙwabci ya daina duban idon maƙwabci. Alo ya riga ya tura 'ya'yansa gida a jirgin ƙasa, amma shi da Modesta sun makara. Tasha ba ta shiguwa, hanyar Kano ba ta biyuwa. Saura hanya ɗaya, ta Dikwa zuwa Ngala a bakin iyakar Kamaru, wadda ruwa ya cinye, kuma a duk Yerwa mota ɗaya ce za ta iya da ita.

Ajimi ya gicciya katako a bayan Jimina, ya bar rami mai tsayin ƙafa biyu a ƙasa, ya jibga buhunan gero a sama, ya ja tamfol. Kafin Alo ya shige ramin, ya ɗauki sufana ya nuna masa.

"In iska ta ƙare mana zan buga ƙasan motar, biyu biyu. Ka tsaya ka ɗaga tamfol. Ka ji ko, Ajimi? Kada ka tsaya gaisuwar Barebari a hanya, wushe wushe har mu mutu."

Da hantsi suka fita. A Dusuman wasu mutane da sanduna suka tare hanya, Ajimi ya ce gero ne zai kai Dikwa, ɗayansu ya soka sanda cikin buhu, gero ya zubo, suka ba shi hanya. Can gaba ya ji bugun, ƙwan-ƙwan, ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tsaya, ya ɗaga tamfol, suka sha iska da ruwa. Haka aka yi ta yi. Amma bayan Dikwa suka faɗa wani dogon fadama na firki, inda duk direba ya sani in ka ɗaga ƙafa daga totur ka nutse ke nan. A tsakiyarsa bugun ya fara. Ƙwan-ƙwan. Ajimi ya duba gaba, ba tudu. Ƙwan-ƙwan. Rana tana tsaka, tamfol ya ɗau zafi, shi kuma ba halin tsayawa. Bugun ya yi ƙarfi, ya yi sauri, sannan ya fara rauni. Ajimi yana magana da ƙarfi cikin Barbarci shi kaɗai, bai san me yake cewa ba. Da tayoyin gaba suka kama ƙasa mai tauri ya dira kafin motar ta gama tsayawa, ya yaye tamfol, ya ja buhu biyu ya jefar. Modesta ta suma. Alo ya fito da ja da ciki, leɓensa ya yi fari, ya daɗe yana haki, sannan ya ce, "A kan jaki ka koyi tuƙi?"

Modesta ta farfaɗo, suka ci gaba har suka kai Ngala. A bakin kogin da ya raba ƙasashen, mai kwalekwale yana jira, Alo ya dafa Jimina maimakon ya dafa abokinsa.

"Amana. Kada ka bar ta ta mutu. Zan dawo in karɓi rabona na gaba."

"Allah ya kai ku lafiya, Alo."

"Giyabos ɗin nan ni na haɗa shi haƙori haƙori, babu irinsa a Yerwa. Ka riƙa duba mansa."

Wannan ce maganarsu ta ƙarshe. A hanyar dawowa, cikin fadaman nan dai, farfela ta murɗe ta tsinke. Ajimi ya kwance guntayen ya jefa a baya, ya lallaɓo gida da jan tayoyin gaba kaɗai.

Yanzu sai a yi sabuwar farfela, kuma mai alli ba ya nan. Ajimi ya yi abin da kowane maƙeri zai yi. Maƙeri ba ya aiki a kan abin da ba ya gani, yakan ɗaga shi ya sa a gabansa. Ya ɗaga Jimina da jak, ya tokare ta a kan gungumen itace huɗu, tayoyi suna reto a iska, ya shiga ƙasa a zaune cikin walwala ya auna daga bakin giyabos zuwa aksul na baya, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi. Inci hamsin da ɗaya. Sannan ya tuna karatun ubansa a maƙera, cewa dogon ƙarfe ana rage shi, gajere kuwa sai bola, ya ƙara rabin inci na rara. Ya samo bututu, ya yanka, ya yi waldar da ko Alo zai yaba, ya gangara ta a kan layin dogo ya ga ba ta rawa.

Zuwa Baga da ɗan kaya, shiru, lafiya lau. A dawowa aka loda banda buhu arba'in na Ya Kaltum, babbar dillaliyar kifi ta kasuwar Gamboru, ita kuma ta zauna a gaba. Suna faɗawa kwarin farko bayan Kukawa, ta ƙarƙashin ƙafarsa:

Ƙwan-ƙwan.

Ajimi bai yi tunani ba. Ya take birki har Ya Kaltum ta bugi gilashi, ya dira, ya zagaya da gudu, ya yaye tamfol, ya fara jefar da buhuna. Sai ƙamshin hayaƙi da baƙin kifi. Ya tsaya da buhu a hannu.

"Ba Ajimi, lafiya? Kifina ne ya yi maka laifi?"

Ya mayar da buhunan ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar bugun bai bar Jimina ba. In ba kaya ba ya zuwa. In an yi lodi, duk kwari, duk gargada, sai ya zo, biyu biyu. Tun da mutanen Gamboru sun san wa ya fita a motar nan, ko da ba a faɗa a fili, magana ta bazu cewa Alo ya mutu, fatalwarsa ce ta biyo motarsa. Fasinja suka ragu. Wani ya kawo laya ya ce a rataya a madubi. Ajimi ya karɓa don kunya, ya sa a aljihu.

Shi fassararsa daban ce, kuma bai gaya wa kowa ba sai Ya Kaltum, wata rana da suka tsaya salla a Monguno.

"Suna cewa ya mutu. Ya Kaltum, matacce yana neman iska?"

Ya naɗe abin sallarsa, ya ci gaba.

"Mai rai ne ke bugu. Ran da ya yi shiru, ran nan zan ji tsoro."

Yaƙi ya ɓarke a gabas da daminar da ta biyo. A rumfar mai shayi rediyo yana kiran sunayen garuruwa, har ya kira Onica, Ajimi yana zaune da kofi a hannu har shayin ya huce. Babu matafiyin da ya zo da labari. Abin da yake da shi kawai shi ne kwarin bayan Kukawa. Yakan rage gudu in ya doso shi, ya kasa kunne, in ya ji ƙwan-ƙwan sai ya saki numfashi ya ce alhamdulillahi a hankali. Ya daina dira, amma hannunsa bai daina zuwa kan marfin ƙofa ba.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Dzarma, tsohon direban soja daga wajen Biu, da ya hau Jimina daga Baga da buhunansa uku. A bugun farko ya karkata kai kamar kaza ta ji shaho. A na biyu ya ce, "Maigida, tsaya. Wa ya yi maka farfela?"

"Ni."

"A sama ka auna ta ko a ƙasa?"

Suka shiga ƙarƙashin motar su biyu, a kwance cikin yashi mai zafi. Dzarma ya goge giris da babban yatsa ya nuna masa wurin da farfela ke zamewa ciki da waje, kamar wuƙa a kube. Bakin wurin ya yi ƙyalli kamar an goge azurfa.

"Ka gani? Mota in ka rataye ta, ƙafafunta suna sauka, tsakanin nan da can ya buɗe. In ka ɗora mata kaya ta tsuguna, sai ya matse. Taka ba ta da wurin matsewa. Duk kwarin da ka faɗa, farfela tana tunkuyin giyabos kamar rago. Bugu ɗaya in ta sauka, ɗaya in sifirin ya maido ta. Fatalwa! Ni na yi shekara goma sha biyu a soja, ban taɓa ganin fatalwar da ta san lodi ba."

Ajimi ya gane tun kafin Dzarma ya rufe baki. Mai sana'a ne, abin a fili yake kamar tafin hannu. Ya kwanta yana kallon ƙyallin nan, yashi yana ƙona masa baya.

"Inci biyu za ka cire, ko ƙasa da haka," in ji Dzarma. "Aikin safiya ɗaya. In ka bari kuwa, giyabos zai tafi."

"Na ji," in ji Ajimi.

Bai yanke ba. Ya sayi zarto sabo, ya rataye shi a dalbejiya, ya ci gaba da zuwa Baga. Yana sane da cewa ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. Amma sani a kai daban, ƙafar da ke kan totur daban, kuma duk lokacin da ya doso kwarin sai ya samu kansa yana jira. Yakan ce wa ransa, bari wannan zuwan ya wuce. Dzarma, da ya kama aiki a wani gareji kusa, in ya hango shi sai ya ɗaga yatsu biyu sama, Ajimi ya kau da kai.

Da bazara mai ya fara ɗiga. Da fari ɗigo ne kamar na kwabo a inda Jimina ta kwana, daga baya ya kai faifai. Wata safiya Ya Kaltum ta zo da kanta, ta tsaya a kan tabon, ta nuna shi da ƙafa.

"Wannan jinin wa?"

"Zan ƙara mai."

"Ba Ajimi, ni ba bakanike ba ce, amma Dzarma ya gaya wa duk kasuwa. Ka ce min mutumin nan amana ya bar maka. Me ya ce ka riƙe masa, motar ko ƙarar?" Ta gyara mayafi. "In ta mutu mana a dajin Kukawa, kifina ya ruɓe, wannan asarata ce, zan iya. Kai kuma in ya dawo ya ce ina rabona na gaba, sai ka nuna masa me?"

Bayan ta tafi ya shiga ƙasa da tsumma da kananzir ya wanke giyabos tas. A bayansa, inda farfela ke shiga, ga tsaga siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsa, mai yana tsattsafowa ta cikinta yana kallo. Ya sa farce ya bi ta. Abin da ya rage wa giyabos zuwa Baga ɗaya ne, ko biyu in an yi sa'a. Ya daɗe a wurin, har inuwar dalbejiya ta matsa ta bar ƙafafunsa a rana.

Kashegari ya aika aka kira Dzarma, ya roƙi Ya Kaltum aron buhu arba'in. Aka loda su a Jimina tana tsaye a kan ƙafafunta. Dzarma ya ce nauyin bai kai na hanya ba, sai Ya Kaltum ta tattara zane ta hau kan buhunan, ta kira mata uku masu talla su ma suka hau, suna dariya suna cewa yau an mai da su duwatsun awo. Motar ta tsuguna. Ajimi ya kutsa ƙasa da ƙyar, a kwance, hancinsa yana gogar ƙarfe, ya auna. Inci arba'in da tara da rabi. Ya fito ya ja allin da hannunsa.

Dzarma ya miƙa hannu zai karɓi zarto. Ajimi ya ce a'a. Shi ya yanka, shi ya haɗa, ya bi tsagar giyabos da wuta a hankali har ta rufe. Kafin azahar an gama.

Ya fita gwaji shi kaɗai da lodin a baya, ya bi hanyar Dikwa, ya wuce Dusuman, ya nemi kwari mafi muni ya faɗa da gangan. Sifirin ya lanƙwashe ya miƙe. Inji yana gurnani sumul. Ya sake neman wani kwarin, da wani. Babu komai a ƙarƙashin ƙafarsa sai tafiya. Aikin ya yi kyau, babu mai cewa bai yi ba. Ya kashe motar a tsakiyar hanya ya zauna, hannu a kan sitiyari, yana sauraren ƙarfe yana hucewa.

Jimina ta ci gaba da zuwa Baga, fasinja suka dawo, giyabos bai ƙara zubar da ɗigo ba. Har shekarun sittin suka ƙare yaƙin bai ƙare ba, kuma babu wanda ya zo daga gabas ya tambayi rabonsa na gaban motar. Sai dai matafiya sun san Ba Ajimi da wata ɗabi'a da ta sa wasu suka fi son lorin da ta fi jinkiri a kan tasa. Yakan tsaya a inda babu gari babu rijiya, da rana tsaka, ba wanda ya ce a tsaya. Ya sauka, ya zagaya baya, ya kwance igiya, ya ɗaga gefen tamfol ya riƙe shi sama na ɗan lokaci. Baƙo in ya yi ƙorafi, Ya Kaltum takan ce masa ya yi haƙuri, kifi ake ba iska. Wani ɗan kasuwa mai gaggawa ya taɓa leƙowa ta taga ya ce, "Haba direba, wa ya ce maka suna bukata?"

Ajimi bai juyo ba, tamfol yana hannunsa.

"Ba wanda zai ce min yanzu," ya ce. "Sai in ƙiyasta."